Na gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa: tambayoyi da amsoshi kan neman aiki da riƙe shi

Na daɗe ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki, galibi a Kano da Kaduna, kuma tambayoyin da matasa ke tare ni da su a wurin ɗaurin aure ko bayan an sauko daga Juma'a kusan iri ɗaya ne. Su na tattara a nan. Da wanda ya gama jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha nake magana, wanda ya yi bautar ƙasa ya dawo gida yana jiran tsammani, amma mai NCE da mai difloma ma za su tsinci nasu. Duk inda na ce "kai", har da "ke".

Sakamakona ya fi na abokaina kyau, amma su ake ɗauka. Me ke faruwa?

Ranar intabiyu, duk wanda ka gani zaune a benci yana da takarda. Da ba shi da ita, da ba a kira shi ba. Aikin takarda ya ƙare tun a bakin ƙofa. Mu da ke cikin ɗakin wani abu daban muke nema: in an ba yaron nan aiki ranar Litinin aka ce ana so Alhamis, zai kawo? In ya kasa, zai faɗa tun da wuri, ko sai an neme shi an ji wayarsa a kashe? In aka yi masa gyara a gaban mutane, zai karɓa ko zai yi sati yana cin magani?

Masu shirya bita a otal suna sayar da wannan da sunaye na Turanci, kamar wani sabon ilimi ne ya sauka. Ka shiga Kantin Kwari ka ga yadda maigida ke gwada sabon yaron shago. Ba ya tambayarsa makin lissafi. Zai aike shi da kuɗi kaɗan ya ga ko canji zai dawo daidai. Zai bar shi da kwastoma mai tsananin taya kaya ya ga ko zai fusata. Sai an jima ya ba shi mabuɗi, sai an ƙara jimawa ya tura shi banki, bayan shekaru ya sallame shi da jari. Amana, cika alkawari, haƙuri da jama'a, iya magana, kama kai. Abin da manajan banki da shugabar makaranta ke nema ke nan, sai dai su minti ashirin kawai gare su, shi kuwa Alhaji yana da shekara biyar. Saboda haka dole ka koyi nuna halinka cikin minti ashirin, kuma a nan yawancin yaranmu ke faɗuwa.

Mu bar yaudarar kai, ba "wa ka sani" ne komai ba?

Ba zan ce maka babu ba. Akwai gurbin da tun kafin a buga tallarsa an riga an raba shi, kuma a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, kowa ya ji abin da aka riƙa faɗa. Wanda ke da uwa a gindin murhu ba zai ci tuwonsa gaya ba.

Amma akwai bambanci tsakanin ɗaurin gindi da shaida. Mai kamfani mai ma'aikata talatin ba ya buga talla a jarida. Yana ɗaga waya ya tambayi wanda ya yarda da shi: "Ka san wani yaro mai hankali da ya iya Excel?" Sunan da ya fara faɗo wa wancan a rai, shi ya samu aikin. Wannan hanya a buɗe take ga ɗan talaka, in dai an san shi da wani abu. Malamin da ya duba maka aikin kammala digiri, shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, wanda ya kula da kai lokacin koyon aiki na ɗalibai (SIWES), ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku, dattijon da kuke sahu ɗaya a masallacin unguwa: su ne jarinka. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ba ka gaishe shi ba shekara uku, ba ranar da ka ji ana ɗaukar aiki a ofishinsa za ka tuna da lambarsa ba.

Kuma ka gyara yadda kake roƙo. "Alhaji, a taimaka mini da aiki" nauyi ne ka ɗora wa mutum, zai ce "Allah Ya kawo" ya wuce. Ka ce: "Ranka ya daɗe, lissafin kuɗi na karanta, na riƙe littafin kuɗin wata makaranta tsawon bautar ƙasa. Na ji kamfani kaza na neman mataimakin akanta. Ko akwai wanda za a haɗa ni da shi in kai takarduna?" Ka rage masa aiki, ka ba shi abin da zai faɗa a kanka.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo mini takardar kama aiki a wata hukuma.

Kada ka ba shi. Hukumomin da ke ɗaukar ma'aikatan tarayya, da soja, da 'yan sanda, da hukumar da ke ɗaukar jami'an shige da fice da na kashe gobara da na gidan gyaran hali, kullum sanarwarsu ita ce cike fom kyauta ne a shafinsu. Ba a manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da aka karɓi Naira 1,000 a hannun kowane mai neman aikin shige da fice, aka tara dubban matasa a filayen wasa, aka yi turmutsitsi rayuka suka salwanta. Wannan ma da sunan hukuma aka yi shi, balle ɗan damfarar da ke turo maka saƙo ta WhatsApp da hoton tambarin gwamnati. Mafi muni shi ne wanda ake ba takardar bogi, ya yi walima, ya kama aiki, ranar tantance ma'aikata a ce sunansa ba ya ko'ina. Filin da mahaifinsa ya sayar kuwa ya tafi.

Me zan sa a CV tunda ban taɓa yin aiki ba?

Ka taɓa. Ka koyar da aji uku a ƙauye lokacin bautar ƙasa. Ka riƙe wa yayanka shagon POS wata takwas ba a taɓa samun giɓi ba. Ka yi ma'ajin ƙungiyar ɗaliban jiharku. Ka yi aikin wucin gadi da INEC ranar zaɓe, ko ka bi masu rigakafin shan inna gida gida. Duk aiki ne, in ka rubuta shi da adadi: ɗalibai nawa, kuɗi nawa ke bi ta hannunka a rana, wata nawa.

Shafi ɗaya ya isa, biyu in ya yi yawa. Ka cire jerin kalmomin da kowa ke kwafowa daga shagon buga takardu, irin su "mai ƙwazo, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru". Na taɓa duba CV goma sha ɗaya a zama guda, jimlar farko iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Ka buɗe adireshin imel da sunanka na yanka, ka ajiye laƙabin da abokai ke kiranka da shi. Lambar da ka rubuta kuma ta zama wadda kake ɗauka. Baƙuwar lamba in ta kira, ka yi sallama ka faɗi sunanka. Akwai wanda ya rasa aiki saboda "Wai waye ne?" da ya daka wa sakatariya.

An tarbiyyantar da mu kada mu kalli babba ido cikin ido, kada mu yabi kanmu. A intabiyu kuma an ce mu yi duka biyun.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, don na sha ganin yaro mai ilimi ya sha kaye a kanta. Ya shigo ya rusuna, ya zauna a bakin kujera, ya sunkuyar da kai, ana tambayarsa yana amsa wa takalminsa. Ni da na fito daga irin gidan da ya fito, na san ladabi ne. Abokin zamana a kwamiti, wanda ya taso a Legas ko Inugu, abin da ya gani shi ne mutumin da bai san amsa ba, ko yana ɓoye wani abu. Bayan yaron ya fita sai in yi ta kare shi, amma maki an riga an rubuta.

Kunya ado ce a gaban surukai. A ɗakin intabiyu kuwa, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ba wanda ya ce ka zura wa mutum ido kamar mai neman faɗa. Ka dubi fuskar mai tambaya lokacin da yake magana, ka dube shi lokacin da ka fara amsa, ka waiwayi sauran, ka dawo. Ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji ba tare da ya ce "Me ka ce?" ba. Ladabinka ka riƙe shi: gaisuwa, jiran a ce ka zauna, rashin katse magana, godiya in za ka fita. Waɗannan suna ƙara maka maki a gaban kowane kwamiti.

Batun yabon kai kuma, gaskiya ne an ce jahilci ne, kuma ba shi ake nema a wurinka ba. Labari ake nema. "Ni gwani ne wajen shugabanci" yabon kai ne, ba ya kuma burge kowa. "Da na je makarantar, 'yan aji uku ba su da malamin lissafi, na roƙi shugaban makaranta ya ba ni darasi biyu da yamma, muka yi wata biyar muna bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa" ba yabo ba ne, abin da ya faru ne. Kai ka faɗi abin da ka yi, su yanke hukunci. Wani abu kuma: mun saba cewa "mun yi", "aka yi", don kawaici. Kwamiti ba ƙungiyarku zai ɗauka ba. In kai ka yi, ka ce "na yi". In tare kuka yi, ka faɗi naka kason.

Kuma "in sha Allahu" ba laifi ba ce, amma kada ta zama ita ce dukan amsar. An tambaye ka yadda za ka shawo kan kwastoman da ya fusata, ka faɗi matakan, sannan ka rufe da ita.

Da suka ce in ba su labarin kaina, sai na rasa ta inda zan fara.

Ba tarihin haihuwarka suke so ba, ba kuma sunan firamaren da ka yi ba. Minti ɗaya zuwa biyu: abin da ka karanta, abin da ka taɓa yi da hannunka wanda ya yi kama da aikin nan, da dalilin da ya sa wannan wurin kake so. Na ukun shi ke tona asirin wanda bai yi shiri ba. Ka nemi sanin me kamfanin ke sayarwa, su waye kwastomominsa, ina rassansa suke. In shago ne ko asibiti ko makaranta, ka je da ƙafarka ka gani kafin ranar.

Ka tanadi labarai uku ko huɗu na gaske: ranar da ka warware wata matsala, ranar da kuka saɓa da wani kuka daidaita, ranar da ka yi kuskure ka gyara. Kusan duk tambayar da za a jefo maka, ɗaya daga cikinsu zai shiga. Na kuskuren nan kada ka guje shi. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, mun san dai bai taɓa aiki ba. In kuma aka yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo. Kame-kame ya fi rashin sani zubar da mutum.

Turancina ba ya fita sosai. In na tsaya gaban mutane sai harshena ya sarƙe.

Karin harshenka na Bahaushe ba matsala ba ne. Kowa a ƙasar nan da karin garinsu yake Turanci. Abin da ake so a fahimce ka. Gajerun jimloli, a hankali, ba tare da neman manyan kalmomin da za su kayar da kai ba. Maganin sarƙewar harshe kuwa amfani da shi ne: ka karanta labarin jarida da ƙarfi minti goma kullum, ka ɗauki muryarka a waya kana amsa tambayoyin intabiyu, ka saurara, ka ji kunyar kanka a ɗaki, ka sake. Ka samu aboki ku yi yarjejeniyar awa guda ta Turanci zalla. Za a yi muku dariya a majalisa. Ba a ba da albashi a majalisa.

Kada kuma ka raina Hausar da ke bakinka. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga DW, da RFI, da TRT Afrika, ga gidajen rediyo masu zaman kansu da suka cika Kano da Kaduna. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno da Yobe da Sakkwato suna buƙatar wanda zai zauna da mutanen ƙauye ya ji ta bakinsu, ya dawo ya rubuta rahoto da Turanci. Wanda ya iya rubuta Hausa daidai, da ƙa'idarta, ya haɗa da Kanuri ko Fulatanci, ya sa wannan a CV ƙarara.

Kaftani zan sa ko kwat?

Kaftani mai tsabta, gogagge, da hula, ya wadatar a yawancin wurare a Arewa. Banki da kamfanonin da hedikwatarsu ke Legas sun fi son kwat ko riga da wando. In kana shakka, ka leƙa ka ga abin da ma'aikatan wurin ke sawa. Hijabi ko mayafi ba ya hana mace komai. Turare kaɗan. Ka isa da rabin awa kafin lokaci, ka lissafa cunkoson hanya tun daga gida.

In aka tambaye ni nawa nake so a biya ni, me zan ce?

Kada ka ce "duk abin da kuka ba ni". Ka yi tambaya tun kafin ranar, ka san abin da ake biyan masu irin aikin a garin, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. Ka san kuma ma'auni: tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne, kodayake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma Naira 77,000 a 2025. Za ka tarar da makarantun kuɗi da ke ba malami abin da bai kai wannan ba, nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke ganin wata na farko bayan bautar ƙasa kamar an rage musu matsayi.

Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. A dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga wurinka, mai aiki ya ƙara kashi 10. Ka tambayi batun asibiti da hutu. A aikin gwamnati babu ciniki, mai digiri a mataki na 8 na tsarin albashi yake farawa. Kowane irin aiki ne, ka nemi a ba ka sharuɗɗansa a rubuce, ko da kamfanin kawunka ne. Musamman ma in na kawunka ne.

Yajin aikin malaman jami'a ya cinye mini shekaru, ga shi ana cewa kada mai neman aiki ya wuce shekara 26 ko 27. In rage?

A'a. Na san ba laifinka ba ne: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Amma ranar haihuwarka tana jikin NIN, da BVN, da rajistar jarrabawar da ka yi a baya, kuma ranar da suka saɓa wa juna kai za a kira maƙaryaci. Iyakar shekarun nan ta fi yawa a shirin ɗaukar sababbin ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni. Matsakaitan kamfanoni, da ƙungiyoyi, da makarantu, abin da ka iya suka fi tambaya.

Wata goma sha huɗu ina zaune. In karɓi ƙaramin aikin da bai kai matsayina ba?

Karɓi. Tambayar da na fi yi wa wanda ya daɗe da gama bautar ƙasa ita ce, "Me kake yi tun daga lokacin?" Wanda ya ce yana koyarwa a Islamiyya da safe, da yamma yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya riga ya amsa mini tambayoyi uku da ban yi ba. Wanda ya ce "Ina dai neman aiki", ban san me zan rubuta ba.

Lokacin jiran kuma ka ƙara wani abu a hannunka. Excel na gaske, ba buɗewa da rufewa ba. Rubuta wasiƙar ofis da rahoto mai shafi ɗaya. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana koyar da fasahar zamani kyauta, ga hukumomin koyar da sana'a na NDE da ITF ga mai son sana'ar hannu. In fanninka na da ƙungiyar ƙwararru, ka fara hawa matakanta: ICAN ko ANAN ga akanta, TRCN ga malami, COREN ga injiniya, CIPM ga mai son harkar kula da ma'aikata. Sai dai kada ka zama mai tarin satifiket na bitar kwana biyu. Guda ɗaya da za ka iya zama a gaban kwamfuta ka nuna ya fi goma a cikin fayil.

Alhamdu lillahi na samu. Me zan kiyaye a watannin farko?

Ka zo kafin oganka. Ka riƙe ɗan littafi, duk abin da aka sa ka ka rubuta, ka maimaita wa wanda ya sa ka don ka tabbatar abin da ya ce ke nan. Matambayi ba ya ɓata, amma mai tambaya ɗaya sau huɗu yana gundura. In ka ga aiki ba zai ƙare a ranar da aka sa ba, ka faɗa tun ana saura kwana biyu. Mu kan ji nauyin kai wa babba labari mara daɗi, sai mu yi shiru har abu ya lalace. A ofis wannan kawaicin shi ake kira rashin amana.

Ka gaida masinja da direba da mai gadi da sunansu. Sun riga ka zuwa, sun san inda kowane fayil yake kwana, kuma oga yana jin ta bakinsu fiye da yadda kake zato. Kowane ofis yana da ɓangarori, kuma cikin satin farko wani zai ja ka gefe ya ba ka tarihin kowa. Ka saurara, ka yi murmushi, kada ka ƙara ko kalma. Wanda ya kawo maka gulmar wani zai kai taka.

Salla ba ta hana aiki, amma minti goma sha biyar ne, ba awa ɗaya da rabi har da cin abinci da hira a gindin bishiya ba. Wayarka kuma: abin da kake rubutawa a Facebook kan siyasa da addini da ƙabilar wasu, abokan aikinka suna karantawa, masu ɗaukar aiki ma suna dubawa.

Ogana ya yi kuskure, ko ya ba ni umarnin da na san ba daidai ba ne. Ya girme ni nesa.

In kuskure ne na aiki, ka same shi shi kaɗai, ka kawo abin a matsayin tambaya: "Yallabai, na ga adadin nan ya bambanta da na rahoton watan jiya, ko ni ne ban fahimta ba?" Ka ba shi ƙofar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. Wannan dabara ce da kowane ɗan Bahaushe ya koya a gaban mahaifinsa, kuma tana aiki a kan oga ko daga ina ya fito. Abin da ba ya aiki shi ne gyara shi a tsakiyar taro, ko tsallake shi ka kai ƙara sama kafin ka yi magana da shi.

In kuwa umarnin na sa hannu ne a kan kayan da ba a kawo ba, ko canza adadi a takarda, to maganar ta wuce ladabi. Ka nemi a ba ka umarnin a rubuce. Yawanci daga nan maganar ke mutuwa. Ranar da EFCC ko ICPC suka zo, sa hannun da ke kan takarda suke bi, kuma "oga ne ya ce" ba ta taɓa fitar da kowa ba.

Yaya ake samun ƙarin girma? Ina aiki kamar jaki, wasu na wuce ni.

A aikin gwamnatin tarayya akwai ƙa'ida. Shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da kai, da jarrabawar tabbatarwa. Daga nan, mai mataki na 7 zuwa 14 sai ya shekara uku a mataki kafin ya cancanci zama jarrabawar ƙarin girma, mai 15 zuwa sama shekara huɗu, kuma sai in akwai gurbi. Daga mataki na 10 ana tsallakawa 12 ne, babu 11. Abin da ke hannunka shi ne ka san Dokokin Aikin Gwamnati, ka tabbatar ana cike maka takardar auna ƙwazo ta shekara a kan lokaci, ka leƙa fayil ɗinka ka ga duk takardunka na ciki, ka kuma kauce wa takardar tuhuma. Mutane da yawa sun yi asarar shekara saboda takarda ɗaya da ta ɓace a rajista, ba su sani ba sai da jerin sunaye ya fito.

A kamfani kuwa babu wanda zai ƙirga maka shekaru. Jaki yana aiki, amma ba a taɓa naɗa shi sarkin kasuwa ba. Ana ɗaga wanda ya rage wa oga ciwon kai, kuma oga ya san shi ne ya rage. Ka riƙa tura gajeren saƙo a ƙarshen mako: ga abin da aka gama, ga abin da ya rage, ga inda nake buƙatar taimako. Wannan ba fadanci ba ne. Bafade yana yabon oga, kai kuwa aikinka kake nunawa. Ka riƙe lissafin abin da ka cim ma a shekara, ranar zaman auna ƙwazo ka zo da shi. Ka tambayi shugabanka kai tsaye: "Me ya kamata in iya kafin a ba ni matsayi na gaba?" Sannan ka koya wa na ƙasa da kai aikinka. Masu ɓoye ilimi don kada a maye gurbinsu sukan dawwama a gurbin, tunda babu wanda zai karɓe su in an ɗaga su.

Ni mace ce. Kullum sai an tambaye ni batun aure da haihuwa, kuma ina tsoron irin ogan da ke neman wuce gona da iri.

Tambayar ba adalci ba ce, tunda ba a yi wa maza ita, amma za ki gamu da ita. Ki amsa a taƙaice ki maido da magana kan aiki: kin tsara harkar gidanki, ga abin da kika yi a wurin da kika baro. Ki san haƙƙinki: Dokar Ƙwadago ta ba da hutun haihuwa na mako 12, a aikin gwamnatin tarayya kuwa ya fi haka.

Wanda ya ce ki same shi a otal ko a gidansa don "a ƙarasa maganar aikin", babu aiki a wurin. In a cikin ofis ne wani ya fara, ki ja layi tun ranar farko, da kalmomi bayyanannu, ki adana saƙonninsa, ki rubuta rana da lokaci, ki sanar da wata babba da kika yarda da ita ko sashen kula da ma'aikata. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara. A taro kuma ki yi magana. Na sha ganin mace ta raɗa wa na kusa da ita shawara, shi ya ɗaga hannu ya faɗa, aka yaba masa.

Na samu wani wurin da ya fi. Yaya zan bar wannan ba tare da an ɓata ba?

Kada ka ajiye na hannu sai sabuwar takardar kama aiki ta zo a rubuce, da ranar farawa da albashi. Alkawarin baki ba takarda ba ne. Daga nan ka duba wa'adin sanarwa da ke cikin yarjejeniyarka, yawanci wata guda ne, ka cika shi. Oganka ya fara ji daga bakinka kafin ya ji a wurin direba, sannan ka miƙa wasiƙa gajera mai godiya, ba tare da jera laifin kowa ba.

Ka rubuta bayanin miƙa aiki: abin da ke hannunka, inda kowane ya tsaya, lambobin mutanen da kake hulɗa da su. Ka mayar da kwamfuta da mabuɗi da katin shaida, a sa maka hannu cewa ka mayar. Ka roƙi takardar shaidar aiki tun kana ciki, don bayan shekara biyu mai yiwuwa wanda ya san ka ya bar wurin. Asusun fanshonka naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, lambarsa kawai za ka ba sabon wurin. Kafin ka fita, ka nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonka ka duba ko duk watannin da aka cire maka an zuba su, domin bin bashin wata shida ya fi sauƙi ranar da kake da tebur a ofishin.